Ragunan da Layya Ta Bari a Etoudi

Nu'man matashi ne a unguwar Briqueterie wanda ya iya haɗa shafin intanet, amma son burga ya yi masa katutu. Gab da Layya, kawunsa Yuguda, mai sayar da raguna a unguwar Etoudi, ya ba shi aikin shafin da masu saye za su ga hotunan raguna su zaɓa tun daga gida.

Kaltuma, abokiyar aikinsa, ta leƙa abin da yake yi ta ce, "Nu'man, saba, babbar kwamfutar da ke ajiye da shafin nan, ita ce ke shirya shi ta turo shi a kammale. Ƙaramin laburaren JavaScript, wato shiryayyen ƙunshin umarnin da ke motsa shafi, wanda bai kai kilobait ashirin ba ya ishe ka. Me za ka yi da waɗannan manyan da kake ɗora masa?"

"Ke dai ba ki da ido," in ji shi. "So nake hoton ragon ya riƙa juyawa."

Haka ya yi ta jibga kaya har shafin ya haura megabait uku. A ofishinsu na unguwar Tsinga, inda intanet ke gudu, shafin na buɗewa nan take, Nu'man kuwa sai kumbura yake yi. Ko sau ɗaya mai taurin kan nan bai gwada shi a ƙaramar waya ba, abin haushi ke nan.

Masu sayen kuwa 'yan kasuwar Messa ne masu tsofaffin wayoyi. Su danna, su zauna kallon farin allo, data na ƙonewa. Da suka gaji, suka sayi ragunansu wurin wasu.

Washegarin Sallah Nu'man ya je gaisuwa. Ya tarar da kawun tsaye a tsakiyar ragunan, ya riƙe wayarsa, allonta fari fat.

"Kawu, ai matsalar koneksiyo ce, intanet ɗin ne..."

"Rufe mini baki. Na ce wa mutane kada su sha wahalar zuwa, ɗana ya yi mana abin zamani. Da bakina na kori masu sayena." Ya miƙa masa igiya. "Ungo. Ka ciyar da su har baɗi."

Darasi: duk abin da za ka haɗa wa mutane, ka auna shi da wayar da ke hannunsu, ba da na'urar da ke teburinka ba. Kowane nauyin da ka ɗora wa shafi don a yaba maka, wani ne zai ɗauke shi.