Mangwaron Lantana

An yi wani dagaci da zazzaɓi ya kwantar da 'yarsa bayan ta sha mangwaron gidan Lantana. Ya ce a sare bishiyar, alhali da ita Lantana take ciyar da marayunta.

Ta zo ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, mangwaro ba ya kawo zazzaɓi."

"Kawo shaida yanzu, ko gatari ya yi aikinsa!"

"To mu gwada. Ni in sha goma, in kwana cikin gidan sauro. Kai kada ka sha ko ɗaya, ka kwana bakin kududdufi ba riga."

"Ke! So kike sauro ya sa mini zazzaɓi?"

"Au, ashe sauro ne? To, ranka ya daɗe, ai sai a kai masa gatarin."