Ɗamarar da Aka Yanka a Teku

Akwai wani mai shagon kayan nutso a Kristiansund, wani garin bakin teku a ƙasar Turai, sunansa Steinar. Abin da ya fi sayarwa shi ne farantin ƙarfe da mai nutso yake goyawa a ɗaura masa tukunyar iska, da jakar iskar da suke kira fiffike, wadda ke hana mutum nitsewa kamar dutse.

Ɗamara ɗaya ce doguwa ake zurawa ta ramukan farantin, ta bi kafaɗu ta zagayo ƙugu. Ba ta da maɓalli a kafaɗa. Yadda aka auna ta, haka za ta zauna.

Steinar ya iya aikinsa, ba zan hana shi wannan ba. Iyawar ce ta hau masa kai.

Wata Alhamis Gunvor ta shigo sayen nata farantin. Ma'aikaciyar jinya ce, shekararta biyu da fara nutso. Ta tarar da shi da baƙi uku daga Oslo, masu shiga zurfi, yana ta ba su labarin kansa.

Ta ce, "Rigar ruwana tana mota. In sako ta ka auna a kanta?"

Kowa a garin ya san ƙa'idar. Ruwansu ƙanƙara ne, riga biyu ake sawa, mai kauri a ciki, mai hana ruwa a waje, kuma a kansu ake auna ɗamara.

"Haba Gunvor, nan ba asibiti ba ne da sai an tuɓe an saka," in ji Steinar. "Shekara ashirin ina wannan aiki. Idona ma awo ne."

Baƙin suka yi dariya. Ita ma ta yi ta yaƙe. Ya auna a kan 'yar rigar da ke jikinta, ya datse ragowar ɗamarar da almakashi don ta yi kyau a ido, ya koma kan labarinsa.

Ranar Asabar ƙungiyarsu ta masu nutso ta fita teku a jirgin ruwa na roba, da Steinar a ciki. Gunvor ta yi ta kokawa da ɗamarar, hannu ya ƙi shiga. Sai da Oddvar, tsohon da ke tuƙa jirgin, ya danna mata gwiwar hannu da ƙarfi.

"Ke Gunvor, rage cin wainar nan da cukwi!" in ji tsohon.

Aka bushe da dariya. Steinar ya ga abin da ke faruwa sarai. Kalma ɗaya zai faɗa ta fasa shiga ruwa. Amma faɗar kalmar na nufin ya ce shi ya yi kuskure, sai ya juya yana goge gilashin idonsa.

Kafin su fito daga nutson iska ta taso. Igiyar ruwa tana ta tura jirgin wajen duwatsu. A ƙaramin jirgi irin wannan, sai ka cire kayanka a cikin ruwa ka miƙa, sannan a jawo ka. Kowa ya cire ya hau, saura Gunvor.

Ta ja kafaɗar dama, ta ƙi. Ta ja ta hagu, ta ƙi. Yatsunta sun sandare da sanyi, ruwa yana marin fuskarta, ta fara shaƙewa.

"Cire mana!" Oddvar ya daka tsawa, ido ɗaya kan duwatsu.

"Ba ta fita!"

Tsohon ya saki sitiyari, ya kifa cikinsa a gefen jirgin, ya zare wuƙa ya yanke ɗamarar kafaɗa biyu. Mutum uku suka fizgo ta kamar buhu. Ta kwanta tana aman ruwan gishiri, leɓɓanta sun yi shuɗi. Steinar ne ya tsamo kayan nata da ke yawo a kan ruwa, ya ajiye su a bayan ƙafarsa inda ba a gani.

A ɗakin ƙungiya aka zuba kofi. Oddvar ya ɗauko yankakkiyar ɗamarar ya jefa a tebur.

"Wane sakarai ne ya auna miki wannan?"

Gunvor ta dubi kofinta. "Ni ce na yi gaggawa."

Steinar ya ji kunnuwansa suna zafi. Mutanen da ke wannan ɗaki su ne masu sayen kayansa, su ne kuma masu aiko masa da sababbi. Ga shi an ba shi mafita kyauta.

Oddvar bai bari ba. "Ke da kike kula da rayukan mutane, naki ne ba ki san darajarsa ba? Ko yaron da ya yi wata uku da fara nutso ba zai yi wannan ba."

Ta sunkuyar da kai tana shan faɗan.

Nan Steinar ya miƙe. Muryarsa da ta saba cika shago ta koma ta ɗan tsako.

"Ni ne sakaran. Ta ce in auna a kan rigar, na yi mata ba'a. A jirgi ma na gani, na yi shiru."



Oddvar ya kurɓi kofinsa. "Ai na sani. Shago nawa ne a garin nan? So nake in ji ko kana da baki."

Steinar ya so ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba.

Ranar Litinin Gunvor ta dawo shagon sanye da rigunanta biyu, tana gumi. Ya durƙusa ya zura sabuwar ɗamara, ya sa ta saka ta cire har sau shida. Duk tsawon lokacin bai iya duban fuskarta ba.

Ta ce, "Ɗago kai, Steinar. Kafaɗata kake aunawa, ba daɓen shagonka ba."

Darasi: Duk ƙwarewarka, kada ka tsallake ƙa'ida don ka burge 'yan kallo, wani ne zai sha ruwan. In kuma ka yi kuskure, faɗe shi tun ana kan tudu, kada ka bar wanda ka cuta ya rufa maka asiri. Ku tura wa duk gwanin da kuka san ya daina sauraro.