Kura Mai Gadin Bututu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha dariya.

Zaki ya gina tashar nukiliya a dawa, ya sa Kura gadin bututun hayaƙi. Ya ba ta na'ura ya ce, "Gubar nan ba ta wari. In wannan ta yi kuka, toshe bututun, kada iska ta kwasar wa jama'a."

Da hantsi na'ura ta soma ƙit-ƙit. Kura ta ce, "Ashe gyare ne a ciki." Ta haɗiye.

Ungulu ta leƙo daga saman bututun. "Yaya Kura, lafiya dai?"

"Sha iskarki, kukan ya daina."

Kafin la'asar kan Ungulu ya zama tal. Har gobe tana bin Kura, tana jiran ta mutu ta ciro na'urar.

Ƙurunƙus kan ɗan gyare.