Ƙarar Mai Haƙar Kabari a Kan Dirhamin Sarki

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, sarki ya gaji da cinikin wuri, ya ba da umarni a buga dirhami na azurfa. Waziri Ƙasimu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a rubuta 'Allah ne Shaida' a fuskarsa. Wa zai ƙi karɓar kuɗin da ke ɗauke da sunan Ubangiji?" Sarki ya ji daɗi, ya bar aikin a hannunsa.

Aka kira Jatau, maƙerin azurfar da ya fi kowa hannu a birnin. Waziri ya ja shi gefe, ya nuna masa buhunan dalma, ya ce rabi azurfa, rabi wannan, sauran azurfar kuma a kai gidansa. Jatau ya buɗe baki, waziri ya tambaye shi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Jatau ya sunkuyar da kai, ya koma ya hura wuta.

Tun daga ranar maƙerarsa ta sauya. Tsuntsaye suka daina sauka a kan rumfar. Yana dukan hatimi da guduma da tsakar rana, sai ya ji kamar wani na tsaye a bayansa yana karanta rubutun a hankali. In ya waiwaya, babu kowa.

Bayan wata uku, wani tsoho mai haƙar kabari, Nomau, ya kai ƙarar dirhamin gaban Alƙali Zubairu, yana neman a cire rubutun. Gari ya rabu biyu. Malaman da ke cin tuwon waziri suka ce cire sunan Allah kafirci ne, wasu suka ce bai dace sunan ya riƙa yawo a mahauta da gidajen caca ba. Sarki da kansa ya zo sauraro, aka kuma kira Jatau.

Alƙali ya ce, "Baba, me dirhamin ya yi maka?"

Nomau ya ce, "Allah gafarta malam, shekara arba'in ina shiga kabari, ban taɓa jin tsoro ba. Ran da na shiga da wannan kuɗi a aljihu, ƙasa ta yi nishi a ƙarƙashin ƙafata. Na fito na ajiye shi, ta yi shiru. Sau uku na gwada. Ni ba malami ba ne, amma na san ƙasa ba ta ƙin sunan Allah. Akwai dai abin da take ƙi."

Waziri ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, tsufa ne. Za a goge sunan Allah don mafarkin mai haƙa rami?"

Alƙali ya daɗe yana jujjuya dirhamin. Can ya ce, "Wannan rubutu rantsuwa ce, kowace rantsuwa kuma da mai ita. Wanda ya sassaƙa shi ya riƙe shi, ya karanta mana."

Aka ɗora wa Jatau dirhamin a tafin hannu. Ya ji sanyinsa ya ratsa har kafaɗa. Har ƙudajen zauren suka daina shawagi. Ya ce, "Allah ne..." sai harshensa ya yi nauyi. A bayan kunnensa ya ji muryar nan ta maƙera ta ƙarasa masa kalmar. Ya zube a ƙasa.

"Allah gafarta malam, ba zan iya ba. Rabinsa dalma ne. Da hannuna na zuba, da umarnin waziri."

Aka kawo wuta nan take aka narka guda, dalma ta malalo gaban sarki. Dogarai suka tono azurfar a rumbun waziri. Sarki ya sa aka warware masa rawani, aka kore shi daga ƙasar da rigar jikinsa kaɗai.

Sarki ya ce, "To rubutun fa, malam? A bari ko a cire?"

Alƙali ya ce, "Sunan ba shi da laifi, mu ne muka kafa shi shaida a kan ƙarya. A rubuta nauyin azurfa kawai, wanda ɗan adam zai iya aunawa ya kama mai ha'inci."

Jatau kuwa aka yanke masa hukuncin ya tattara tsofaffin dirhaman ya narka su da kansa. Shekara biyu yana bin ƙauyuka da jaki. Da ya zuba na ƙarshe a wuta, ya mayar da hatimin fada, ya koma ƙera lauje har ƙarshen ransa.