Ranar da Haladu Ya Zaunar da Sanƙira

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da fatake ke zuwa da raƙuma, marini ne, sunansa Haladu. Hannunsa ya iya rini, amma bakinsa, Allah sarki! Mutum uku suka tsaya a gabansa, sai harshe ya ɗaure.

Ana nan sai ayarin Madugu Agali ya sauka, yana neman turkuɗi, wato rinannen zane mai sheƙi, da yawa. In marinan garin suka samu cinikin, an ci an sha. In suka rasa, ayari ya wuce gaba, gidaje da dama sun shiga uku. Sarkin marina kuwa yana kwance ba lafiya, sai ya ce Haladu ne zai yi bayani a gaban fatake.

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni?"

Ya ce, "Kai fa."

Ku saurara, jama'a. Haladu bai ce ai haka Allah ya yi shi ya koma ya zauna ba. Kullum bayan la'asar sai ya jera tukwane a tsakar gida, ya tsaya yana yi musu jawabi. Matarsa Tabawa tana tankaɗe tana gyara masa: "Malam, daina kallon ƙafarka. Rage gaisuwar nan, ba suna ka je ba. Ɗaga zanen su gani kafin ka yabe shi." Ya sake, ya kuma sake, har maganar ta zauna masa.

To, a wancan zamani mai jawabi ba ya ɗaga murya. Sanƙira ke tsayawa gefensa, ya ɗauki maganar ya cilla wa taro. Marina suka ɗauko Cindo, mai murya kamar ganga.

Ranar ciniki, a gaban fatake, Haladu ya ɗaga zane ya ce, "Wanda muka rina da baban rini na farko yana da kyau."

Cindo ya rangaɗa: "Ya ce duk abin da suka rina, har jikanka ya gada ba zai koɗe ba!"

Fatake suka gyaɗa kai, madugu ya miƙo hannu. Alhali Haladu ya san baban da suka yi rini na biyu da shi ruwa ya taɓa shi, wannan kashin zai koɗe. Da ya so, shiru kawai zai yi ciniki ya faɗa, ai ba bakinsa ne ya faɗa ba. 'Yan uwansa marina suna ta ƙifta masa ido.

Sai ya dafa kafaɗar Cindo ya ce, "Ɗan zauna." Ya dubi madugu ya ce, "Ban faɗi haka ba. Rabi mai kyau ne. Rabin nan kuwa kada ka saya da sunan mai kyau."

Rabi madugu ya saya. Wallahi shekarar nan marina sun ji jiki, wasu ko gaisuwarsa suka daina amsawa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Da shekara ta zagayo, Agali ya tsallake garuruwa ya sauka a karofinsu, inda suke rini, ya ce, "Ku kira mini mutumin nan. Abin da ya ce a ɗora, a ɗora, ba sai na kwance na duba ba."

To ku da kuke tsayawa gaban manya a ofis da wuraren taro kuna bayani, ku koyi magana, ku maimaita a gida, ku karɓi gyara ko daga wa ya fito. Amma kada daɗin baki ya wuce abin da ke hannunku. Ƙaryar da aka yi da sunanka kana tsaye ka yi shiru, taka ce, kai za a tambaya ranar gobe. Allah ya tsare mana harsunanmu.