Kakan Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, wata mai haƙora.

Ta zo mu ji ta, in dai ba ta cizo!

To ku matso. A garin dabbobi akwai wani tudu a bayan gari, nan suke binne matattunsu. Uwar Bushiya ma tana can kwance, a gindin wata aduwa. Duk Juma'a Bushiya takan je ta share wurin, ta zuba ruwa.

Ana nan, ana nan, sai aka ce akwai kuza, ma'adinin nan mai tsada, a ƙarƙashin tudun. Kura ta ji. Ta kai wa Sarki Zaki cinyar bijimi, ya ce ta je ta haƙa. Ta sayo katafila, ta ɗauki Gafiya direba, ta ce daga yau a kira ta Hajiya.

Bushiya ta je ta durƙusa. "Hajiya, uwata tana tudun nan."

Kura ta ce, "Uwar taki duka nawa take? Ko ludayi ba ta cika ba. Gafiya, haƙa!"

Bushiya ta koma da goro. Kura ta cinye goron, ta ce, "Gafiya, haƙa!"

Bushiya ta koma da kuka. Kura ta ce, "Tsohuwa, kauce, kada a haɗa ki da uwar taki. Gafiya, haƙa!"

Katafila na ci, katafila na matsowa. Saura kaɗan ta kai gindin aduwa, sai ƙwas! Bakinta ya daki wani abu. Aka tone. Ƙoƙon kai ne na wata dabbar dā, ya daɗe har ya zama dutse. Girmansa kamar rumbu, kowane haƙori kamar taɓarya.

Kura ta ce, "A farfasa, a sayar wa magina."

Bushiya ta dubi ƙoƙon, ta dubi Kura. Ta sake duban ƙoƙon, ta sake duban Kura. Ta ce, "Hajiya, don Allah ɗan buɗe baki."

Kura ta wangale baki.

Bushiya ta tafa hannu. "Ikon Allah! Haƙoran gidanku ne sak. Ashe duk masu cewa ba ki da asali ƙarya suke!"

To kun san abin da ya fi ci wa Kura rai ke nan. Ko a wurin biki, sai a ce ba a san gidansu ba. Nan take ta kumbura. Ta ruga fada tana ihu, "Kakana ne! Kakana ne! Sarki, zo ka ga kakana, kanka duka bai kai haƙorinsa ba!"

Zaki ya zo ya gani, ya ce, "Lallai kina da gida."

Sai Bushiya ta warware tabarmarta a gaban katafila, ta zauna, ta ja mayafi. "Allah ya jiƙan Kaka. Hajiya, ya haƙuri?"

Kura ta ce, "Haƙurin me?"

"Yau kika sami labarin rasuwarsa, ai yau zaman makoki ya fara. Babban mutum irin wannan, a bar shi haka kamar maraya?"

Zaki ya ce, "Gaskiya ne." Ya aiko da ragon ta'aziyya. Kura ta cinye shi har ƙaho.

Gari ya taso. Tabarma nan, tabarma can, har kan katafila Biri ya shimfiɗa. Kowa ya zo, "Ya haƙuri?" Kura ta ce, "Da godiya." A kawo gumba, a kawo ƙosai, duk daga rumbun Kura.

Suna shirin tashi, sai ga Giwa da danginta. "Ya haƙuri?" "Da godiya." Suka share rumbu ɗaya, suka tambaya ko akwai ƙari.

Suna shirin tashi, sai ga tururuwa, layi har bayan rafi. Babbarsu ta ce, "Mu ba ma gaisuwar taro, ɗaya bayan ɗaya muke yi."

"Ya haƙuri?" "Da godiya." "Ya haƙuri?" "Da godiya." Muryar Kura ta dushe. Ciyawa ta tsiro a ƙafar katafila. Gafiya ta yi aure, har aka yi suna, layi bai ƙare ba.

Kura ta miƙe zumbur. "Na fasa! Ba kakana ba ne! Ban taɓa ganinsa ba! Gafiya, haƙa!"

Zaki ya ce, "To ina ragona?"

Kafin ta amsa, ƙoƙon kai ya yi atishawa. Atsha! Biri ya faɗo daga kan katafila.

Ƙoƙon ya ce, "Ni kaina na manta ko ni wane ne. Tun nan wurin yana ruwa nake kwance. Amma jikar da ta ƙarar da rumbunanta saboda ni, na karɓe ta hannu biyu. Zo nan, 'yar albarka."

Kura ta matso. Ta ce, "Na'am, Kaka."

Ya ce, "Waɗannan ƙananan kaburbura maƙwabtana ne. Uwar Bushiya ce ke ɗebe mini kewa, ko da yake surutu ya yi mata yawa. In aka taɓa ko ɗaya, zan tattaro su duka mu tare a ɗakinki. Gadonki zai ɗauke mu?"

Kura ta ce, "A'a, Kaka, yi zamanka! Ni da kaina zan yi gadi."

Aka mayar da ƙasa, aka kewaye tudun da ƙaya. Zaki ya sa aka yi shela: duk mai son kuza ya tafi can bayan rafi, kuma kafin ya sa diga, ya tambayi tsofaffi wa ke kwance a wurin.

Ranar Juma'a Bushiya ta zo da tsintsiyarta. Ta share kabarin uwarta, ta zuba ruwa. Ta ga Kura tana gadi, ta ce, "Hajiya, ya haƙuri?"

Kura ta buɗe baki, abin da ya fito ba kuka ba, ba dariya ba. Shi kuke ji har yau in tana zagaya makabarta.

Ku ji, yara: kabarin ƙarami da na babba duk ɗaya ne. Wanda bai ji tausayin uwar wani ba, sai an ba shi kaka ya ɗanɗana.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Na mayar da ita raminta na rufe, kada wanda ya tone.