Sarkin da Ya Kafa wa Iska Doka

Wata tsohuwa 'yar Jakarta, Hajiya Rukmini, ita ta fara ba ni labarin nan a Mina, wata Batakariya tana mana tafinta. Ta ce haka kakanninta ke faɗin mafarin girman birninsu. Gaskiyarsa dai, Allah masani.

A zamanin da, wani sarki ɗan kan tudu ya ci wani birni na bakin teku, inda jiragen Larabawa da na Hindu ke zuwa sayen barkono da kanumfari. Shi bai taɓa taka jirgi ba. Sarkin Kasuwa Kartala, mai kwaɗayin kwashe kayan baƙi a banza, ya raɗa masa cewa fataken nan da ke wata da watanni ba su tafi ba 'yan leƙen asiri ne. Sarki ya yi doka, duk jirgin da jinjirin wata ya tarar a gaɓa a ƙone shi. Ya ɗora wa Waziri Sudira aikin, in ya ƙi, a bakin ransa.

Waziri ya san ba taurin kai ke zaunar da baƙin ba. Iska ce ke busowa daga yamma ta kawo su, kuma sai ta juya suke iya komawa. To amma sarkin nan ba a ce masa bai sani ba. Wanda ya gwada yana kabari.

Ranar da za a dubi wata, Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, baƙo ko mugu ne a kan raka shi. Ka shiga gaba da jirginka su biyo ka, duniya ta shaida kai ka kore su."

Sarki ya ji daɗi, ya shiga. Aka ware manyan zannuwan da iska ke turawa. Jirgi ya yi gaba kaɗan, ya dawo. Aka sake, ya dawo har ya gwabri gaɓa, jama'a na kallo. Sarki ya zare takobi ya ɗora a wuyan Waziri, ya tambayi wa ke mai da shi baya.

Waziri ya ce, "Wanda ya tsare baƙin ne, ranka ya daɗe, kuma ba ya jin doka. Zaman jiransa ne ya sa suke cin shinkafarmu, suna aure a cikinmu, suna gina masallatai. In ka ƙone su, ka zama sarkin ƙauyen masunta."

Takobin ya daɗe a wurin kafin ya sauka. Sarki ya soke doka, ya sa aka jefa Kartala a kwale-kwale, aka ce ya nufi yamma tun da abin da sauƙi. Baƙi suka zauna, birni ya bunƙasa har ya zama babban birnin ƙasa.

Washegari da muka fita jifa, wasu baƙi suka tare hanya suka ƙi gaba, mutanenmu na ta tsaki. Ni sai na kutsa in ga abin da ya tsare su tukuna. Tsohonsu ne ya yanke jiki ya faɗi. Na kwance gorata na ba shi ruwa.